Masarar da Ta Rasa Hanyar Kasuwa

A shekarar 1779 majalisar dokokin Virginia ta zartar da doka a kan dazuzzukan da ke bayan duwatsun Appalachia, yankin da a yau ake kira Kentucky. Dokar ta ba wanda ya riga ya zauna a can kafin farkon 1778 damar mallakar eka 400, kuma babbar shaidar zama ita ce a ce mutum ya noma masara a wurin. Da ma abin da baƙin farko suka yi ke nan: a sare itatuwa, a kafa 'yar bukkar katako, a saɓi fartanya a bi tsakanin kututture ana jefa iri. Masara ba ta neman garma kafin ta yi, ba kamar alkama ba, ga ta da yabanya a sabuwar ƙasa.

Ƙasar da ake rabawa kuwa tana da masu ita. Filin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ne, kuma sai da aka zubar da jini na shekaru kafin a fi ƙarfinsu. Ita kanta masarar tasu ce da danginsu: kimanin shekara 9,000 da suka wuce manoman kudancin Meziko suka fara sarrafa ta daga wata ciyawar daji, ta yi ta bin hannu zuwa arewa, har Turawa suka zo suka tarar da ita a kowace rugar 'yan ƙasa. Tarihin wiskin masara ya fara ne da iri na aro a kan ƙasar ƙwace, kuma ya kamata a faɗi wannan tun farko, domin kwalaben da ake sayarwa yau ba sa faɗa.

Mai karatu Musulmi ya san hukuncin giya, babu abin da wannan rubutu zai sauya a ciki. Amma wanda ke son fahimtar yadda Amurka ta ginu, yadda gwamnatinta ta fara gwada ƙarfinta a kan talakawanta, da yadda ake ƙirƙira wa yanki suna da martaba, zai sami darasin a cikin labarin wannan barasa fiye da a wurare da yawa.

Da rumbuna suka cika, sai matsala ta ɓullo. Ina za a kai rarar? Gabas duwatsu ne, kuma hanyar da Daniel Boone da mutanensa suka share ta mashigin Cumberland a 1775 turba ce ta ƙafa da doki, ba ta ɗaukar amalanke sai wajen 1796. Yamma da kudu akwai kogin Ohio da ke zuba cikin Mississippi har birnin New Orleans, amma birnin na hannun Sifaniya a lokacin, ta kuma rufe wa Amurkawa kogin a 1784, ba a buɗe shi sosai ba sai da yarjejeniyar 1795. Masara kaya ce mai nauyi, mai arha, ga ƙwari ga ruɓewa. Kuɗin dakonta ya fi kuɗinta. Dabara biyu ta rage wa manomi. Ko ya ciyar da aladu da ita su taka da ƙafarsu zuwa kasuwa, ko ya mayar da ita barasa, yadda doki ɗaya zai ɗauki abin da a da sai garken dawaki.

Aikin ba shi da wani sirri. A niƙa masara, a dafa ta ta yi kauri, a zuba tsiron sha'ir ko na masarar kanta don ya juya garin ya koma zaƙi, a sa yis, a bar shi kwanaki yana tafasa da kansa. Har nan, bai bambanta sosai da yadda ake yin burukutu da dawa ba. Abin da ya ƙaru shi ne tukunyar jan ƙarfe mai rufaffen baki. Barasa tana riga ruwa zama tururi, don haka idan aka ɗora tsimin a wuta a hankali, tururinta ne ke fara tashi, ya bi wani murɗaɗɗen bututu da aka nutsar cikin ruwan sanyi, ya ɗigo ta ƙasa fari tas. Wannan farin ruwa ba ya lalacewa ko zai shekara goma. A wuraren da tsabar kuɗi ta yi wuya, da shi ake sayen gishiri da ƙusa, da shi ake biyan ɗan ƙodago, wani lokaci har limamin coci.

Sanin tukunyar ya zo ne da baƙi, musamman 'yan asalin Sikotland da suka zauna arewacin Ailan kafin su ƙetaro, da Jamusawa. Sai dai kafin yaƙin neman 'yanci ba wiski ne abin shan Amurkawa ba. Giyar rake ce, wadda ake kira ram, ana yin ta a garuruwan bakin teku na arewa maso gabas da baƙin ruwan raken da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan. Jiragen Rhode Island sun riƙa loda ta zuwa gaɓar da yau take Ghana suna musayarta da bayi. Yaƙin 1775 zuwa 1783 ya katse hanyar ruwan rake, sai ido ya koma kan hatsin gida. Nan ne layin farko na bambancin yanki ya fito. A Pennsylvania da Maryland, inda sanyi ya fi yawa, hatsin da ya fi yi shi ne rye, ɗan'uwan alkama mai jure ƙasa mara ƙarfi, wiskinsa yana da yaji a harshe. A Kentucky da Tennessee da kwarurukan Virginia da Carolina masara ce sarauniya, nata wiskin ya fi zaƙi da laushi. Ba wanda ya zauna ya zaɓa. Kowa ya dafa abin da gonarsa ta ba shi.

Sai gwamnati ta shigo. Sabuwar ƙasar ta fito daga yaƙi da bashi har wuya, sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya sa majalisa ta ɗora haraji a kan barasar da ake tacewa a 1791. Shi ne haraji na farko da gwamnatin tarayya ta sa wa wani abin da ake yi a cikin gida. An tsara shi ta yadda mai babbar masana'anta da ke aiki duk shekara zai iya biyan kuɗi dunƙule, galan ya zo masa da sauƙi, shi kuwa ƙaramin manomi mai kunna wuta bayan girbi kaɗai ya biya fiye. Kuma da tsabar kuɗi ake biya, abin da mutanen bayan dutse ba su da shi. Wanda aka tuhuma sai ya yi tafiyar kusan mil 300 zuwa kotun tarayya a Philadelphia. Manoman yammacin Pennsylvania suka ga abin a matsayin zalunci irin wanda suka yaƙi Ingila a kansa. Suka fara tare masu karɓar haraji suna shafe su da kwalta suna manna musu gashin tsuntsu. A watan Yulin 1794 suka kewaye gidan babban jami'in harajin yankin, John Neville, suka ƙone shi.

Shugaba George Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000, ya hau doki da kansa ya raka su wani ɓangare na hanya. Kafin rundunar ta isa masu bore sun watse. Mutum biyu aka samu da laifin cin amanar ƙasa, su ma ya yafe musu. Ana yawan cewa waɗannan 'yan bore ne suka gudu Kentucky suka kafa sana'ar a can, amma an ƙara wa zancen gishiri. Akwai tukwane birjik a Kentucky tun kafin boren, kuma su mutanen can ba su ɗauki bindiga ba, ƙin biya kawai suka yi, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka ƙi kama maƙwabtansu da laifi. Thomas Jefferson ya soke harajin a 1802. Shi Washington da ya sauka daga mulki, manajan gonarsa James Anderson, mutumin Sikotland, ya shawo kansa ya gina matata a Mount Vernon a 1797. A 1799 ta fitar da kusan galan 11,000, tana cikin mafi girma a ƙasar, bayi shida ne kuma ke tsaye a kan tukwanen.

Sunan Bourbon, wanda ake kiran wiskin masarar Kentucky da shi, daga Faransa ya fito. A 1785 Virginia ta yanki wata makekiyar gunduma a Kentucky ta raɗa mata sunan gidan sarautar Faransa, don godiya da taimakon da Faransawa suka bayar a yaƙi. A cikinta ne tashar jiragen ruwa ta Limestone take, wadda yau ake kira Maysville. Daga baya an yayyanka gundumar gida-gida, Kentucky ta zama jiha a 1792, amma mutane suka ci gaba da kiran yankin da tsohon sunansa. Daga tashoshin kogin Ohio ake loda ganguna a kan jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen gindi, ruwa ya tafi da su New Orleans. A can sai a sayar da kaya, a farfasa jirgin a sayar da katakonsa, a tako gida da ƙafa ta hanyar Natchez. A 1821 wata jarida a garin Paris na Kentucky ta buga tallar wiski da sunan Bourbon. Masana na jayayya har yau: yawanci suna danganta sunan da gundumar, wasu kuwa da titin Bourbon na New Orleans inda ake shan sa.

Abin da ya raba wannan wiski da farin ruwan manomi shi ne ganga. Wani ya lura cewa idan aka babbake cikin gangar farin itacen oak, aka bar barasa a ciki ta yi watanni, sai ta yi ja, kaifinta ya ragu, ta ɗauki ƙamshi mai zaƙi daga itacen. An daɗe ana ba wani mai wa'azin cocin Baptist, Elijah Craig, wannan lambar yabo, ana cewa shi ya fara a 1789. Craig ya yi wiski kam, amma babu wata takarda ta zamaninsa da ta nuna shi ya ƙago babbaka ganga. Sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa labarin ya bayyana. A ganina an so a sami uba guda ne mai mutunci da za a jingina sana'ar gare shi, domin ya fi daɗin faɗa a kan ɗaruruwan manoma da maƙeran ganga da ba a san sunansu ba.

Ƙasar ma ta taimaka, wannan ba talla ba ce. Tsakiyar Kentucky na zaune a kan dutsen farar ƙasa, ruwan da ke ɓulɓulowa daga cikinsa ba shi da sinadarin ƙarfe da ke baƙanta barasa, yana kuma da abin da yis ke so. Zafin bazara da sanyin hunturu suna sa barasa ta shiga jikin katako ta fito, shekara bayan shekara. Dazuzzukan oak kuma ga su nan kusa. Wanda ya mayar da aikin ilimi shi ne James Crow, mutumin Sikotland da ya karanci likitanci, ya yi aiki a matatar iyalan Pepper a gundumar Woodford har kusan rasuwarsa a 1856. Ya shigo da ma'aunin zafi da na zaƙi da takardar gwajin tsami, ya daidaita dabarar ɗebo ragowar tsimin jiya a zuba a na yau don kada miyagun ƙwayoyi su ɓata shi. Ba shi ya fara ba; akwai rubutaccen tsarin wannan dabara na 1818 daga gonar wata mata, Catherine Carpenter. Shi dai ya sa aka iya samun ɗanɗano iri ɗaya yau da gobe.

Su wa ke noman masarar, su sare itacen, su juya tsimi, su mirgina ganga? A ƙidayar 1860 akwai bayi sama da 225,000 a Kentucky, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Bawan da ya iya tukunya yana da tsada, ana ma ba da hayarsa. Ɗaya daga cikinsu da sunansa ya tsira shi ne Nathan Green, wanda ake kira Nearest, a Tennessee. An ba da hayarsa ga wani mai wa'azi kuma ɗan kasuwa, Dan Call, kusa da garin Lynchburg, a nan ya koya wa wani yaro maraya mai suna Jack Daniel sana'ar. Bayan an 'yanta bayi a 1865, da Daniel ya kafa tasa matatar, Green ne ya zama shugaban masu tace masa, 'ya'yansa da jikokinsa suka bi sahu. Mutanen Lynchburg sun san labarin, amma kamfanin Jack Daniel bai fito ya sa shi a gaba ba sai a 2016, sannan wata marubuciya, Fawn Weaver, ta bi takardu da zuriyarsa ta tabbatar da matsayinsa. Shekara ɗari da hamsin ana sayar da aikin hannun mutum ba a ambaci sunansa ba, wannan abin takaici ne ko da kuwa abin da ya yi giya ce. Alamar wiskin Tennessee har yau ita ce dabarar da Green ya ƙware a kai: a ɗiga sabon wiski ta cikin tarin gawayin itacen maple kafin ya shiga ganga. Jihar ta mayar da wannan doka a 2013.

Arhar masara ta jawo bala'i. Wajen 1830 Amurkawa na shan barasa mai ƙarfi fiye da galan 5 a shekara idan aka raba kan kowane mutum, har da jarirai a lissafin. Gidaje sun mutu, mata sun sha duka, gonaki sun salwanta. 'Yan kasuwa sun yi amfani da wiski wajen raba 'yan asalin ƙasa da fatunsu da filayensu. Daga coci-coci aka fara yaƙi da shaye-shaye, ƙungiyar farko mai faɗin ƙasa ta kafu a 1826, mata ne kuma suka zama ƙashin bayan gwagwarmayar. Carry Nation, wadda ta shahara da shiga mashaya da gatari tana farfasa kwalabe, haifaffiyar Kentucky ce, mijinta na farko kuma giya ce ta kashe shi.

Rabuwar da ta fi kowacce tasiri ta zo da yaƙin basasa. A 1862 gwamnatin Abraham Lincoln ta dawo da harajin barasa don ɗaukar nauyin yaƙi, kafin 1865 ya ƙare ya kai dala 2 a galan, ninkin-ba-ninkin kuɗin yin ta. Daga nan 'ya'yan masara suka kasu biyu. Mai jari a filayen Kentucky ya yi rajista, ya gina rumbunan ajiya a ƙarƙashin kulawar gwamnati, ya jira shekaru gangarsa ta nuna. Talakan cikin duwatsun Appalachia, mai 'yar gona a gefen tudu, ba shi da kuɗin haraji, ba shi da halin jira. Sai ya ɗauke tukunyarsa ya kai bakin rafi cikin kurmi, yana aiki da dare don kada a ga hayaƙi. Shi ya sa ake kiran farin wiskinsa moonshine, wato na farin wata. Jami'an haraji suka riƙa bin sawunsu da gatari da bindiga, an kashe mutane ta kowane ɓangare. Masara ɗaya ce, tukunya iri ɗaya, kakanni ma sau da yawa ɗaya. Takardar haraji ce ta sa wannan ya zama dattijon Kentucky mai farin gemu a jikin kwalba, wancan ya zama ɗan fasa-ƙwauri da jaridun birni ke yi wa kallon bagidaje.

Su ma masu rajistar ba duka ne tsarkaka ba. A 1875 aka bankaɗo wata babbar cuwa-cuwa ta masu matatu da jami'an gwamnati, cibiyarta a St. Louis, wadda ta kai har kan sakataren Shugaba Grant. Ga kuma masu haɗe-haɗe da ke sayen farar barasa mai arha su rina ta da ruwan taba ko ƙonannen sukari su kira ta tsohon bourbon. Masu matatun Kentucky, ƙarƙashin jagorancin E. H. Taylor, suka nemi doka ta kare su, aka yi ta a 1897: gwamnati za ta sa hatiminta a kan wiskin da aka yi a matata ɗaya, a kaka ɗaya, ya shekara 4 a rumbun da take kulawa, ƙarfinsa kashi 50 cikin 100. A 1909 Shugaba Taft ya yanke cewa dole kwalba ta faɗi gaskiyar abin da ke cikinta.

Duk wannan bai hana guguwar haramci ba. Tennessee ta hana yin barasa tun 1910, ƙasa baki ɗaya ta bi a 1920. Kamfanoni shida kaɗai aka bar wa lasisin sayar da wiski a matsayin magani, da takardar likita. Matatu da dama ba su sake tashi ba bayan an ɗage haramcin a watan Disambar 1933, musamman na rye a Pennsylvania da Maryland, waɗanda suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya har fagen ya zama na Kentucky. A cikin duwatsu kuwa shekarun haramci kakar ciniki ce, amma ta ɓata sana'ar. Don sauri aka koma zuba buhunan sukari maimakon masara, wasu suna tacewa da tsohon lagireton mota, dalma ta shiga jinin masu sha. A gundumar Franklin ta Virginia shari'ar 1935 ta nuna yadda jami'an tsaro kansu ke karɓar kuɗin kariya. Samarin da ke gudu da kaya da dare a motocin da aka ƙara wa ƙarfi su ne suka zama wasu daga cikin direbobin farko na tseren motoci na NASCAR da aka kafa a 1948. Junior Johnson na North Carolina ya yi wata 11 a kurkuku bayan an kama shi a tukunyar mahaifinsa a 1956, ya fito ya ci gaba da lashe tsere.

Yau doka ce ke faɗin ko wane ne wane. Bourbon sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin, sai kuma a zuba shi a sabuwar gangar oak da aka babbake. Wanda doka ke kira wiskin masara zalla sai ta kai kashi 80, ba dole ya shiga ganga ba, in ma zai shiga to tsohuwa ce ko wadda ba a babbake ba. Shi ne magajin farin ruwan manomin farko. Da yake ba a maimaita ganga a bourbon, tsofaffin gangunan Kentucky ne ke cika rumbunan wiskin Sikotland. A watan Mayun 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana bourbon a matsayin kaya na musamman na ƙasar. Ba ta ce na Kentucky ba, ana iya yin sa a kowace jiha, amma kusan kashi 95 cikin 100 daga can yake fitowa, gangunan da ke kwance a jihar ma sun ninka mutanenta. Ita gundumar Bourbon ba ta sake samun matata ba tun haramci sai a 2014, shekarar da kamfanin Suntory na Japan ya sayi kamfanin da ke yin bourbon ɗin Jim Beam a kan dala biliyan 16. Da Tarayyar Turai ta tashi rama harajin ƙarfe da Amurka ta sa mata a 2018, bourbon na cikin abin da ta zaɓa, don ta san Kentucky ce jihar jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa a lokacin, Mitch McConnell.

Mutanen dutse ba su sami irin wannan gata ba. Marvin Sutton, wanda aka fi sani da Popcorn, ya yi rayuwarsa yana tace wiski ba lasisi a kan iyakar Tennessee da North Carolina. A farkon 2009 kotun tarayya ta yanke masa wata 18, yana fama da ciwo, ya kashe kansa a watan Maris kwanaki kaɗan kafin ya shiga kurkuku. A shekarar ce Tennessee ta sassauta dokarta, ta buɗe wa gundumomi da dama ƙofar kafa matatu. A 2010 aka buɗe wata mai lasisi a garin Gatlinburg tana sayar wa 'yan yawon buɗe ido farin wiski da sunan moonshine, haraji biye, kafin shekarar ta ƙare kuma wani kamfani ya fito da nasa mai ɗauke da sunan Sutton.